Yadda Ake Amfani da Ludo, Dara da Makamantansu Wajen Bunƙasa Maganar Yara

Yaro yana koyon magana ne ta hanyar musayar zance: a faɗa masa, ya mayar, a sake mayar masa, a kan abin da hankalinsa yake kai a daidai wannan lokacin. A shekarar 2018 wasu masu bincike daga jami'o'in MIT da Harvard a Amurka, cikinsu har da Rachel Romeo, sun naɗi hirar da ake yi a gidajen yara masu shekara 4 zuwa 6, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran yayin da suke sauraron labari. Sun gano cewa yawan karɓa-karɓar zance tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da yaron ya ji alaƙa da ƙwarewarsa a harshe, da kuma yadda sashen magana na ƙwaƙwalwarsa yake aiki.

Wasanni irin su ludo, dara, da maciji da tsani an gina su ne a kan wannan karɓa-karɓar. Kowa yana jiran nasa yin, kalmomi iri ɗaya suna dawowa sau da yawa ba tare da an gundura ba, idon babba da na yaro suna kan abu ɗaya, kuma yaron yana da dalilin buɗe baki domin yana son ya ci. Sai dai katakon ludo shi kaɗai ba ya koya wa kowa magana, domin mutum huɗu za su iya shafe awa guda a kansa ba a ji komai ba sai ƙarar dais da ihun wanda ya samu shida. Amfanin yana fitowa ne daga yadda babba ya tsara zaman da yadda yake magana a cikinsa, kuma wannan shi ne abin da matakan da ke tafe suka ƙunsa.

Mataki na farko: a saurari yaron, a zaɓi buri guda

Kafin a sayi wasa ko a zana shi, a ɗauki kwana biyu ko uku ana sauraron yaron a cikin harkokinsa na yau da kullum, ana rubuta jimlolinsa yadda ya faɗe su, ba tare da gyara ba. Jimla goma zuwa ashirin sun isa su nuna inda yake. Shin kalma ɗaya-ɗaya yake faɗa, ko yana haɗa biyu? Yana fahimtar umarni mai gaɓa biyu, kamar "ɗauko kofi ka kai wa Yaya"? Yana yin tambaya, ko amsawa kawai yake yi? Baƙon da bai saba da shi ba yana gane abin da yake faɗa?

A matsayin ma'auni, yawancin yara suna haɗa kalma biyu idan sun kai shekara 2, suna iya yin gajeriyar hira wadda baƙo zai gane akasarinta a shekara 3, sannan a shekara 4 suna yin jimloli masu kalma huɗu ko fiye, suna kuma ba da labarin wani abu da ya faru da su a ranar. Daga abin da aka rubuta sai a zaɓi buri guda ɗaya tak, wanda yake mataki ɗaya gaba da inda yaron yake. Mai faɗin "dais" kawai, burinsa shi ne "ba ni dais". Mai haɗa kalma uku wanda yake rikita gaba da baya, burinsa shi ne kalmomin wuri. Iyaye da yawa suna son su gyara furuci, su koyar da launuka, su koyar da ƙirga, su kuma koyar da ladabi a zama ɗaya, sai yaron ya gane cewa makaranta ce aka ɓoye a cikin wasa, ya tashi.

Mataki na biyu: a zaɓi wasan da ya dace da burin

Ga yaro mai shekara 3 zuwa 4, wasan haɗa hotuna masu kama da juna shi ne mafi sauƙi: a kife katuna, a buɗe biyu, a faɗi sunan abin da aka gani, idan sun yi daidai a ɗauke. Nau'i shida, wato kati goma sha biyu, sun isa da farko. Wannan wasa yana kawo sunayen abubuwa, da "iri ɗaya" da "daban", da "ina ɗayan?".

Maciji da tsani, wanda asalinsa daga Indiya yake, ya dace da mai shekara 4 zuwa 6, domin babu dabara a cikinsa, kuma babba ba shi da wani fifiko a kan yaro. Kalmominsa su ne hau da sauka, sama da ƙasa, dogo da gajere, gaba da baya, kusa da nesa. Matsalarsa ita ce gida ɗari ya yi wa ƙaramin yaro yawa, amma akwai maganin wannan a mataki na gaba.

Ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 bayan an samo shi daga wasan pachisi na Indiya, ya fi waɗannan wadatar zance saboda akwai zaɓi a cikinsa. Yaro zai yanke shawarar wane ɗa zai motsa, kuma duk inda aka sami zaɓi an sami damar tambayar dalili. Akwai kuma launuka huɗu, da fita da fito, da shiga da shigo, da kora da tserewa, waɗanda duk kalmomi ne da Hausa take bambantawa da kyau kuma yara suke ɗaukar lokaci kafin su daidaita su. Dara kuwa, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ta manyan yara ce, daga shekara 7 zuwa sama, kuma za a zo kanta.

Akwai gidajen da ba sa yarda da dais saboda hadisin da ya hana nardu, wani wasa da ake yi da dais, akwai kuma waɗanda ba sa son ganin karta a hannun yara saboda alaƙarta da caca. Wannan ba ya hana komai daga cikin abin da ake bayani a nan. A yanka ƙananan takardu, a rubuta 1 zuwa 6 a kansu ko a ɗiga musu ɗigo, a zuba a cikin hula ko kwano, kowa ya zaro ɗaya idan yinsa ya zo. Ta fuskar koyon magana ma wannan ya fi, domin ana iya riƙe kwanon har sai yaron ya nema da baki.

Ludon waya ba ya maye gurbin na katako a wannan aiki. Wayar ce take jefawa, ita take ƙirgawa, ita take sanar da wanda ke da yi, don haka duk dalilan yin magana an ɗauke su. Ban da haka, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune a gaban waya ko talabijin. Sannan a kula sosai da 'ya'yan ludo, dais, da ƙananan duwatsu idan akwai ƙanin da bai kai shekara 3 ba a kusa, domin suna iya maƙale masa a maƙogwaro.

Mataki na uku: a rage wasan, ko a zana sabo

Dokokin da aka buga a jikin kwali ba a yi su domin mai koyon magana ba, saboda haka babu laifi a sauya su, muddin an faɗa wa kowa kafin a fara. A ludo, a ba kowa ɗa ɗaya ko biyu maimakon huɗu, a kuma soke dokar nan ta sai an sami shida kafin a fito, domin yaron da ya jefa sau bakwai bai fito ba ya riga ya bar wasan a zuciyarsa. Abin da ake so shi ne a gama a cikin minti goma zuwa sha biyar, yaron yana neman ƙari.

Mafi alheri shi ne a zana wasan da hannu. A sami bayan kwalin taliya ko na sabulu, a zana hanya mai gida ashirin, a rubuta lamba a kowane gida, a zana tsani biyu da maciji ɗaya. A yi amfani da marafan kwalba masu launi daban-daban a matsayin 'ya'ya. A gidaje biyar ko shida a manna hoto ko a zana abin da ya shafi burin da aka zaɓa: dabbobin gida, kayan kicin, sassan jiki, ko mutane suna aiki, kamar mai daka, mai ɗinki, mai tuƙi. Hotunan aiki sun fi na abubuwa amfani ga yaron da ake so ya fara haɗa jimla, saboda a kan aikatau, wato kalmar aiki, ake gina jimla. A bar yaron ya taimaka wajen zanen, domin hirar da za a yi a kan inda za a sa macijin da irin tsawonsa tana cikin darasin.

Rubuta lambobin a jere yana da wata fa'ida ta daban. Robert Siegler da Geetha Ramani sun nuna a 2008 cewa yaran nazare daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, da suka buga wasa mai gidaje 1 zuwa 10 a layi ɗaya suna faɗin lambar kowane gida da suka taka, sun ƙaru a fahimtar lambobi bayan zama huɗu na minti goma sha biyar-biyar. Don haka idan ɗan yana kan 3 aka sami biyu, a saba wa yaron ya ce "huɗu, biyar".

Mataki na huɗu: zama, lokaci, da abokan wasa

A zauna a tabarma fuska da fuska, yadda yaron zai ga bakin mai magana, a kashe rediyo da talabijin, a ajiye waya. A zaɓi lokacin da ba ya jin yunwa ko barci. Bayan la'asar ko bayan cin abincin dare ya fi lokacin da ya dawo daga makaranta a gajiye. Minti goma sau huɗu a mako ya fi awa guda ranar Asabar.

A fara da mutum biyu, babba da yaro, sai daga baya a ƙara na uku. A gidajen da kunyar ɗan fari take hana uwa ko uba sakin jiki da yaro, kaka ta fi kowa dacewa da wannan aiki, tun da dama akwai wasa tsakanin kaka da jika, kuma tsokanar da take yi masa tana jawo martani fiye da kowace tambaya. Yaya ma zai iya, da sharaɗin a hana shi amsawa a madadin ƙaninsa. Game da harshe kuwa, a yi wasan da harshen da babban ya fi sakewa a cikinsa. Jin Hausa a gida, Turanci ko Faransanci a boko, da Larabci a Islamiyya ba ya jawo jinkirin magana, kuma uwar da ta tilasta wa kanta Turancin da ba ta ƙware a kai ba tana rage wa ɗanta yawan zance da daɗinsa ne kawai.

Mataki na biyar: yadda babba zai yi magana a cikin wasan

A nan aikin yake. Abu na farko shi ne a kafa jimlolin wasa guda uku ko huɗu waɗanda za a riƙa maimaitawa a kowane zagaye ba tare da sauyi ba, misali "Wa ke da yi?", "Ni ne", "Saura kai", "Na samu uku". A zagaye na farko da na biyu babba ne zai faɗe su duka, har da na bakin yaron. Daga zagaye na uku sai ya fara jimlar ya tsaya a tsakiya, ya ce "Saura…", ya dubi yaron, ya jira.

Jiran nan shi ne abin da ya fi yi wa manya wuya. Cibiyar Hanen da ke Toronto a Kanada, wadda ta daɗe tana horar da iyayen yara masu jinkirin magana, ta ɗora koyarwarta a kan abu uku: a lura, a jira, a saurara. A aikace, babba ya ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci, fuskarsa tana nuna yana sauraro, kafin ya sake cewa komai. Yaron da yake haɗa jimla a ransa yana buƙatar wannan lokacin, kuma idan aka sake jefa masa wata tambayar kafin ya gama, sai ya koma farko. Idan goman ta cika bai ce komai ba, babba ya faɗi jimlar da kansa cikin fara'a, a ci gaba da wasa, ba tare da nuna ɓacin rai ba.

Abu na biyu shi ne a rage tambaya, a yawaita bayani. "Wane launi ne wannan? Nawa ka samu? Mene ne wannan?" a jere jarrabawa ce, kuma yaro ya san babban ya riga ya san amsar. Maimakon haka babba ya riƙa faɗin abin da yake faruwa da gajerun jimloli: "Kai, na faɗa bakin maciji. Na sauko ƙasa. Kin wuce ni." A yi ƙoƙari kowace tambaya ɗaya ta sami bayani uku ko huɗu a gefenta. Idan za a yi tambayar, a yi wadda babu wanda ya san amsarta sai yaron, kamar "Wanne za ka motsa?", ko a ba shi zaɓi biyu idan kalmominsa ba su da yawa: "Ja ko kore?" Zaɓi yana sa masa kalmar a kunne kafin a nemi ya faɗe ta.

Abu na uku shi ne faɗaɗawa. Duk abin da yaron ya faɗa, a mayar masa da shi tare da ƙarin kalma ɗaya ko biyu. Idan ya ce "Tsani", a ce "Ka hau tsani." Idan ya ce "Na hau tsani", a ce "Ka hau dogon tsani, ka wuce Baba." Idan ya kai ga irin wannan jimlar da kansa, sai a ƙara masa dalili ko sharaɗi: "Ka wuce Baba saboda ka samu biyar." Kada a yi tsalle daga kalma ɗaya zuwa jimla mai kalma goma.

Abu na huɗu shi ne gyara ba tare da an ce an yi kuskure ba. Yarinyar da ta ga hoto ta ce "saniyoyi biyu" ta nuna cewa ta gano akwai ƙa'idar jam'i, kuma wannan ci gaba ne. Amsar da ta dace ita ce "Ƙwarai, shanu biyu. Shanu biyu suna cin ciyawa", a ɗan ƙarfafa kalmar da murya, a wuce. Ba a cewa "ba haka ake faɗa ba", ba a kuma tilasta mata maimaitawa. Jam'in Hausa yana da rassa da yawa, kaza da kaji, akuya da awaki, tunkiya da tumaki, gida da gidaje, don haka wasan katuna mai hoton abu ɗaya a kati guda da abubuwa da yawa a ɗayan yana da amfani har ga 'yan firamare. Haka ake yi da jinsi. Idan yaro ya ce wa mahaifiyarsa "Umma, ka jefa", sai yayarsa ko kakarsa ta ce "Umma, ki jefa", ita kuma Umma ta jefa. Wasa da mutum uku, mace da namiji a ciki, yana kawo ka da ki, ya da ta, naka da naki, sau da dama a zama ɗaya.

A nan akwai buƙatar hattara da karin harshe. Basakkwacen yaro da ya ce "hita" maimakon "fita" bai yi kuskure ba, haka ma yaron da ya tashi a zangon Kumasi ko Accra inda Hausar wurin ba ta cika bambanta namiji da mace a nahawu ba. Ma'aunin shi ne yadda manyan gidansu da unguwarsu suke magana.

Abu na biyar shi ne a ƙirƙiro wa yaron dalilin magana da gangan. Babba ya riƙe dais ya yi kamar ya manta yin wane ne. Ya motsa ɗan yaron maimakon nasa. Ya ƙirga "ɗaya, biyu, biyar". Ya hau maciji ya sauko ta tsani. Yara suna jin daɗin kama babba da laifi, kuma jimlar da za ta fito a lokacin, irin su "A'a Baba, ba naka ba ne, nawa ne", takan fi duk wadda za a samu ta hanyar tambaya tsawo. A yi wannan kamar gishiri a miya, sau biyu ko uku a zama, domin idan ya yi yawa yaron zai daina yarda da wasan.

Mataki na shida: idan burin furuci ne

Nazarin da Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka wallafa a 2018, wanda ya tattara bayanai daga harsuna 27, ya nuna cewa yara suna iya furta yawancin baƙaƙen harshensu idan sun kai shekara 5, kuma sautin r mai karkarwa yana cikin masu zuwa a makare. Saboda haka ɗan shekara 3 da yake cewa "luwa" maimakon "ruwa" ba abin tayar da hankali ba ne.

Idan yaron ya girma kuma sauti ɗaya ya ƙi zama, a fara da kunne kafin baki. A zana katuna masu kalmomi biyu da sauti ɗaya ne ya raba su: kura da ƙura, kaya da ƙaya, baki da baƙi. Babba ya faɗi ɗaya, yaron ya nuna hoton, idan ya dace ya jefa dais. Bayan kwanaki, idan ya daina kuskuren ji, sai a juya: yaron ya faɗa, babba ya nuna abin da ya ji. Idan ya so cewa ƙaya amma ya ce kaya, babba ya nuna hoton kaya da gaskiyarsa, yaron zai ga da idonsa cewa sautin yana sauya ma'ana, ya sake gwadawa. Kalma biyar zuwa shida sun isa, a fara da waɗanda sautin yake a farkon kalma tukuna, sannan tsakiya, sannan a cikin gajeriyar jimla. Idan yaron ba ya iya fitar da sautin ko da shi kaɗai, kada a matsa masa, wannan aikin ƙwararren mai gyaran magana ne.

Mataki na bakwai: manyan yara, dara, da bayani mai tsawo

Daga shekara 6 ko 7 burin yana komawa kan tsara zance: bayani bi da bi, kawo dalili, hasashe, da ba da labari. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa yaron ya koya wa wani dokar wasan. Wanda zai bayyana dara dole ya ce da farko ana dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a lokacin dasawa ba, bayan an gama sai a fara matsawa gurbi ɗaya, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. A cikin wannan bayanin akwai "da farko", "bayan haka", "idan", "sai dai", "har sai", waɗanda su ne ƙashin bayan rubutun insha'i a makaranta. Mai sauraro ya bi abin da yaron ya faɗa daidai, ko da ya san akwai giɓi, domin giɓin ya bayyana a kan gurabun.

A lokacin wasan kuma a sa dokar faɗa kafin taɓawa: ba a motsa ɗa sai an faɗi inda za a kai shi da dalili. "Zan matsa wannan hagu, domin idan na bar shi za ki jera uku." Wannan yana rage saurin wasa, kuma gwanayen dara na bakin kasuwa ba za su yarda da shi ba tun da tona dabara ne, amma a gida shi ake nema. Bayan an tashi, a nemi yaron ya ba wanda bai halarta ba labarin yadda aka yi, daga farko zuwa ƙarshe.

Wasan shamaki ma yana da kyau ga wannan rukuni. A zana fili iri ɗaya guda biyu, a tsayar da kwali a tsakani yadda ba mai ganin na wani, yaron ya jera marafai a nasa, sannan ya bayyana da baki kawai har babba ya jera irinsa: "Sa jan a gurbi na biyu daga dama, shuɗin a ƙarƙashinsa." A ɗage kwalin a gwada. Ga waɗanda suka fara karatu, ana iya rubuta haruffa a marafan kwalba a yi wasan haɗa kalmomi irin na Scrabble, wasan da ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a cikinsa a 2015. Na gida ya fi na kanti dacewa da Hausa, domin za a sa ɓ, ɗ, ƙ, da ts, sh, ƙw a matsayinsu.

Yaro mai in'ina, da yaron da ba ya jure faɗuwa

In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma yawancin yaran da suka fara ta suna dainawa. Wasan karɓa-karɓa yana taimaka musu domin kowa yana da lokacinsa, ba a rige-rigen magana. Dokar ita ce kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce "yi a hankali" ko "ja numfashi", kada a kawar da ido, kuma babba ya rage saurin tasa maganar. A guji duk wasan da ake cin sa da saurin amsa. Idan in'inar ta wuce wata shida, ko yaron ya fara guje wa magana, ko akwai mai ita a dangi, a nemi ƙwararre.

Wanda yake kuka ko watsar da 'ya'ya idan aka ci shi kuwa, a fara masa da wasan haɗin kai: shi da babba a gefe ɗaya, wani marfi da aka kira kura a ɗaya gefen, ana jefa mata ita ma, ana ƙoƙarin riga ta isa gida. Idan aka ci babba, ya faɗi abin da yake ji da baki, "Kash, ban ji daɗi ba, amma a sake", domin yaron ya sami kalmomin da zai yi amfani da su maimakon hannu.

Mataki na ƙarshe: a rubuta, a duba, a san lokacin zuwa asibiti

Bayan kowane zama a rubuta kwanan wata da jimla biyu ko uku mafi tsawo da yaron ya faɗa da kansa. Idan ya fara amfani da burin a wajen wasa, a wurin cin abinci ko a hanyar makaranta, lokacin sauya buri ya yi. Idan an yi mako shida zuwa takwas ba a ga motsi ba, a sauƙaƙa burin, a kuma duba ko babban ne yake cinye zancen.

Akwai alamun da ba a jira a ga sakamakon wasa a kansu: yaron da ya kai wata 18 ba shi da kalma ko ɗaya, wanda ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, wanda ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, wanda ba ya nuna abu da yatsa ko haɗa ido, da wanda ya taɓa iya wasu kalmomi sannan suka ɓace. Abu na farko da za a nema shi ne gwajin ji, musamman idan yaron ya sha fama da ciwon kunne mai zubar da ruwa, ko ya yi sanƙarau, ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, domin duk waɗannan suna iya taɓa ji. Ana yin gwajin a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A tafi da littafin da aka riƙa rubuta jimlolin yaron a ciki, domin yaro ba ya cika yin magana a gaban likitan da bai sani ba, kuma daga waɗannan jimlolin ne mai dubawa zai fara gane inda matsalar take.